Rock Chucker Supreme: injin ya yi, amma akwatin bai cika ba

A Amurka, mafarauci ko ɗan gasar harbi da tsadar harsashin kanti ta ishe shi yakan koma haɗa nasa a gida. Ba wai ƙera komai yake yi daga tushe ba. Kwanson da ya riga ya harba yake tsincewa, ya mayar da shi girmansa na asali, ya sa masa sabon makunni a gindi, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, ya auna albarushi ya zuba, sannan ya dasa sabon kan harsashi a baki. Makunnin da albarushin da kan duk na masana'anta ne, saye ake yi. Wanda zai shiga wannan harka, da wuya ya tambayi tsofaffin hannu me zai fara saya ba a ambata masa akwatin kayan aiki na RCBS mai suna Rock Chucker Supreme Master Reloading Kit ba. Kuɗinsa na yawo tsakanin dala 400 da 500, gwargwadon shago da lokaci.

Kafin a yi nisa, doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A galibin jihohin Amurka babu lasisin da ake nema ga mai haɗa wa kansa, sai in zai sayar. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya karɓi izinin riƙe albarushi. A Birtaniya ba a sayar wa mutum makunnin harsashin raifil sai ya nuna takardar izinin bindiga. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙerawa ko haɗa harsashi a wajen ma'ajiyar makaman gwamnati, aikin na irin su kamfanin ƙera makamai na DICON ne da ke Kaduna. Wannan sharhi na kasuwar da abin yake halal ne a dokance.

Hukuncinmu a taƙaice: injin da ke cikin akwatin na gado ne, jika zai iya cin moriyarsa. Sai dai abin da ke tsare fuskar mai harbi da yatsunsa ba inji ba ne, awo ne, kuma ta ɓangaren awo ne akwatin ya yi rowa.

Fred Huntington ne ya kafa RCBS a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, yana ƙera kayan matse kan harsashi don harbin wata dabbar duwatsu mai kama da gafiya, wadda daga sunanta aka samo sunan injin. A 2024 kamfanin albarushi na Hodgdon ya sayi RCBS. A cikin akwatin za a tarar da injin, da sikeli mai sanda samfurin M500, da mazubin albarushi Uniflow, da abin dasa makunni na hannu, da katakon jera kwanso, da mai na shafawa tare da matashinsa da burushin wuya, da ɗan abin kankare bakin kwanso, da mazurari, da sifanun alanki, da littafin awo. Kamfanin da ya wallafa littafin yakan canza daga shekara zuwa shekara, don haka a duba jikin kwali.

Injin da kansa

Zubin baƙin ƙarfe ne mai nauyin kusan kilo tara, an yi jikinsa zobe rufaffe, shi ya sa ba ya lanƙwasa ko ana matse kwanson .300 Winchester Magnum. Tagarsa ta ɗan haura inci huɗu, dogon harsashi na shiga ba tare da an karkata shi ba. Ana iya ɗaura hannunsa dama ko hagu. Ramin saman yana da tiredin 7/8-14, wanda shi ne na kusan kowane dayis a kasuwa, ko na Lee ne, ko Redding, ko Hornady, ko Forster. Dayis shi ne bututun ƙarfen da ake murɗawa a saman inji, an rarake cikinsa daidai siffar harsashi guda, kwanso na shiga ya fito da siffar. Idan aka kwance zoben da ke ramin, babban tiredi na 1¼-12 zai bayyana, a nan ake sa zoben Hornady mai saurin canza dayis ga wanda murɗawa da kwancewa ta gundure shi.

Aiki ɗaya yake yi a kowane jan hannu. Sai an gama matse kwanso hamsin, a canza dayis, sannan a dawo kansu da mataki na gaba. Harsashi hamsin a awa ɗaya ba laifi ga mai auna kowane zubi. Ga mai harbin ɗaruruwa kowane mako wannan azaba ce, injin kamfanin Dillon mai yin matakai da yawa a jan hannu ɗaya ya kamata ya nema. Ga mai koyo kuwa jinkirin alheri ne, domin kowane kwanso sai ya bi ta hannunsa da idonsa sau biyar ko shida.

Aibinsa sananne ne: robar da ke tare tsohon makunni ba ta tare duka. Wasu na tsalle su faɗi ƙasa, dattin kuma na gangarowa kan sandar inji. Ba ƙazanta kaɗai ba ce, yawancin makunnai na ɗauke da sinadarin darma, kuma ƙurarsa ba abin da za a bari inda yara ke rarrafe ba ne. Redding Big Boss II da Forster Co-Ax sun fi shi dabara a nan, nasu na bi ta bututu ya faɗa cikin gwangwani. Sai kuma teburi. Injin na buƙatar katako mai kauri da noti mai ratsawa har ƙasa. Wanda ya ɗaure shi a teburin cin abinci da kusoshi, teburin ne zai riƙa ɗagawa kafin kwanso ya shiga.

Wurin da sababbi suka fi ɓata kwanso shi ne saita dayis ɗin matsewa. Takardar kamfani ta ce a ɗaga sanda, a murɗa dayis har ya taɓa mariƙin gindi, a sauke, a ƙara kashi ɗaya bisa takwas zuwa rubu'in zagaye. Wannan saiti na tabbatar da cewa harsashin zai shiga kowace bindiga, amma sau da yawa yana tura kafaɗar kwanso baya fiye da kima. Tiredi 14 a inci na nufin zagaye ɗaya ya kai 0.071 na inci, kashi ɗaya bisa takwas kuma kusan 0.009. Abin da bindiga mai sakata ke so shi ne a tura kafaɗa 0.001 zuwa 0.002 kawai, mai sarrafa kanta 0.003 zuwa 0.004. Idan turin ya yi yawa, duk harbi kwanso zai miƙe ya cike gurbin, kuma daga saman gindi yake jawo tagullar. Bayan an sake cika shi sau uku ko huɗu sai wani zobe mai ƙyalli ya fito a wurin. A lanƙwasa kan siririyar waya a shafa cikin kwanson, in ta sarƙe a wani kwari, a jefar da shi. In aka yi ganganci, gindin zai rabu da jiki a cikin bindiga, iska mai zafi ta yo baya wajen fuska. Abin auna kafaɗa ba ya cikin akwatin.

Man shafawa kuma tsaka-tsaki yake so. In ya yi yawa a kafaɗa, ba shi da mafita, sai ya lotsa ta. In aka manta ba a shafa ba, kwanso zai maƙale a dayis, mariƙi ya yage leɓen gindi, sai an nemo kayan haƙa da tiredi kafin a ciro shi. A leƙa cikin duk kwanson da aka tsinto a filin harbi: mai rami ɗaya a tsakiya shi ake so, mai ramuka biyu ƙirar Berdan ce, allurar cire makunni za ta karye a kai. Na baƙin ƙarfe da na alminiyom ba a sake cika su. Na soja kuma an danne bakin ramin makunninsa, sai an buɗe shi kafin sabo ya shiga.

Abin dasa makunni na hannu yana da kyau, har ya fi na jikin injin, saboda yatsa na jin lokacin da makunni ya zauna a ƙasan raminsa. Yana da ƙofar da ke raba wanda ake dasawa da sauran da ke faranti, don kada ɗaya ya tashi ya ja 'yan uwansa. Makunni ya nutse ƙasa da fuskar gindi da kimanin 0.003 zuwa 0.005 na inci. Wanda ya yi tudu na iya tashi yayin rufe sakata, musamman a bindiga mai sarrafa kanta. A sa tabarau, a kauda bakin kwanso daga fuska. Mariƙin gindi ɗaya yake amfani da shi da injin, lamba 3 ga harsashin .308 da .30-06 da .270, lamba 10 ga .223. A sayi biyu, in ba haka ba za a wuni ana cirewa ana mayarwa.

Sikeli da mazubi

Da giren ake auna albarushi. Giren 7,000 ne laba ɗaya, giram ɗaya kuma giren 15.43. Sikelin M500 na ɗaukar giren 505, yana kuma rarrabe kashi ɗaya bisa goma na giren, wato miligiram shida da rabi. Maganaɗisu ne ke tsayar da lilon sandarsa, ba ya son batir, ba ya buƙatar ɗumi kafin ya daidaita, fitilar ɗaki ko wayar hannu ba sa ruɗa shi kamar yadda suke yi wa ƙananan sikelin lantarki masu araha. A kan wannan mun fi yarda da shi a hannun mai koyo. Tsofaffin hannu na yawan cewa bai kai tsohon 5-0-5 da Ohaus ke ƙera wa RCBS nauyi da ƙwari ba, kuma da gaskiyarsu, jikinsa sakayau ne, ɗan gogar hannu na matsar da shi. In ya matsa, sifilinsa ya tafi.

Saboda haka a ajiye shi a kanta dabam, ba a teburin da injin ke girgizawa ba, daidai tsayin ido don kada kallon sama ko ƙasa ya sa a karanta allura ba daidai ba. A kashe fanka. A daidaita sifili da farantin a kai, a sake dubawa bayan kowane zubi goma. Kuskuren da ya fi muni shi ne babban dutsen sanda ya tsallake tsaga ɗaya ba a lura ba. Wannan ba kuskuren kashi goma na giren ba ne, na giren da yawa ne, kuma allura za ta tsaya cak a tsakiya kamar komai lafiya. Maganinsa duwatsun gwaji: a tara nauyin da ya yi daidai da zubin da ake so a ɗora, a ga sikeli ya amsa. Kuɗinsu kaɗan ne, amma RCBS ba ta sa su a akwatin ba, kuma wannan ne gibin da ya fi ba mu haushi.

Uniflow ba nauyi yake aunawa ba, cika yake aunawa, kamar mai awon hatsi da mudu: yadda aka zuba da yadda aka girgiza na canza abin da ya shiga. Ganga ce mai rami, tana juyawa ta ɗebi garin albarushi ta zubar. Da albarushi mai ƙwayoyi zagayayyu, irin su H335 ko Winchester 748, yana maimaita zubi kusan daidai. Da mai dogayen sanduna, irin su IMR 4350 ko IMR 4064, gangar na guntule ƙwayoyi, hannu ya ɗan cije, zubin ya yi sama ko ƙasa da kashi biyu ko uku bisa goma na giren, wani lokaci fiye. Akwai kuma cushewa: a ƙaramin baki irin na .223, sanduna na iya yin gada a bututu, wannan kwanso ya sami rabi, na bayansa ya sami ɗaya da rabi. Kafin a fara amfani da shi a wanke man hana tsatsa da ya zo da shi, a bar shi ya bushe, a zubar da zubi goma na farko a mayar cikin gwangwani. A riƙa jan hannun da ƙarfi iri ɗaya, kada kuma a bar garin ya sauka ƙasa da rabin kwalba.

Hanyar da ta dace yayin gwajin zubi ita ce a saita mazubi ya ba da ƙasa da abin da ake so da rabin giren, a ɗora a sikeli, a cike ragowar ƙwaya-ƙwaya da maɗigi. Maɗigin ma ba ya ciki. Bayan an cika jeri, a haska fitila a bi kwanso ɗaya bayan ɗaya a ga tsayin garin ya zo daidai, kafin a dasa kai ko ɗaya.

Yadda ake hawa da zubi, da inda akwatin ke barin mutum

Littafin awo shi ne abu mafi daraja a kwalin. Kamfanonin da ke wallafa shi na harba kowane haɗi a bututun gwaji mai na'urar auna matsi, su tsaya a iyakar da ƙungiyar masana'antun bindiga da harsashi ta Amurka, SAAMI, ta gindaya. An kafa ta a 1926, takwararta a Turai ita ce CIP. Da ma'aunin matsi na psi, iyakar .308 Winchester psi 62,000 ce, ta .30-06 psi 60,000, ta .223 Remington psi 55,000, ta .270 Winchester psi 65,000. Da wuya a sami mai haɗi a gida da ke da abin auna wannan. Shi ya sa littafi ke ba da lamba biyu, mafari da iyaka, kuma daga mafari ake tashi, ko mutum ya shekara talatin a harkar. Littafi ɗaya bai isa ba. Hodgdon da Vihtavuori da Alliant na da awonsu kyauta a intanet, a gwama biyu ko uku. In sun saɓa, a ɗauki mafari mafi ƙasa. Lambar da wani ya rubuta a Facebook ta bindigarsa ce, in ma gaskiya ya faɗa.

Idan iyaka kaɗai aka bayar, ƙa'idar ita ce a rage kashi goma cikin ɗari. Lissafi kawai, ba awon wani gari ba: in iyaka giren 45.0 ce, mafari 40.5 ke nan. Amma kada a sauka ƙasa da mafarin da littafi ya rubuta da sunan taka-tsantsan. Albarushi mai jinkirin ci a babban kwanso da bai cika ba ba ya kamawa daidai, yana iya jinkirta tashi, ko ya bar kai a tsakiyar bututu, kuma wasu nau'o'in albarushin, irin su H110, masu su sun hana a rage su sosai. Duk harbin da ya yi ƙara mai rauni ko bai ture kafaɗa ba, a tsaya, a cire sakata, a leƙa bututu. Harba na biyu a bayan wanda ya maƙale shi ne ke fasa bindiga. In kuma aka ja kunama shiru, a bar bakin bindiga na kallon gaba na daƙiƙa talatin zuwa sittin kafin a buɗe.

Ana hawa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane mataki: rabin giren a kwanso mai girman .308, kashi biyu ko uku bisa goma a .223, sannan a ƙanƙanta matakin idan an kusanci iyaka. Harsashi uku zuwa biyar a kowane mataki, a rubuta zubin a jikin kwanso da alƙalami mai tawada. A fara harba na ƙasa. Kowane kwanso ya fito a juya gindinsa a duba.

Alamomin da ake nema su ne makunni da gefensa ya baje ya cike ramin, ko tudu ya kewaye inda allura ta buga, ko ya huje. Sai tabo mai ƙyalli a gindi, inda tagulla ta malala cikin ramin abin fitar da kwanso. Sai sakata mai nauyin ɗagawa. Sai ramin makunni da ya saki bayan harbi ɗaya ko biyu, har sabo ke shiga ba tare da tirjiya ba. Ɗaya daga ciki ta bayyana, an gama. A koma baya, ragowar da ke sama da wannan mataki a zare kawunansu, kada a ce bari a ƙarasa tunda an riga an haɗa. Abin zare kai ma, ga mai ƙirga gibi, ba ya cikin akwatin.

Sai dai waɗannan alamomi ba sikeli ba ne. Makunni mai laushi na bajewa a matsin da bai kai iyaka ba, kafaɗar da aka tura da yawa ma na baje shi. A ɗaya ɓangaren, tagulla mai tauri a bindiga mai kyakkyawan gini na iya yin shiru har an zarce psi 70,000. Wato rashin alama ba shaida ba ce. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce gudu. Idan littafi ya sami wani gudu a iyakarsa da bututu mai inci 24, kai kuma ka kai wannan gudu da bututu mai inci 22 kafin ka kai iyaka, to matsinka ya riga ya kai, ko me gindin kwanso ya nuna. Kowane inci na bututu na bada kamar ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Gudu ba ya zuwa kyauta. Na'urar auna shi, misali Garmin Xero C1 Pro mai aiki da rada da ta fito a 2023 a kan dala 600, ta fi akwatin gaba ɗaya tsada, amma akwai masu idon haske da ba su kai rabin haka ba, kuma ko su sun fi babu nesa ba kusa ba.

Yawancin masu hawa a hankali kan tarar harsashi ya fi taruwa wuri ɗaya a takarda kafin a kai iyaka. Barewa ba ta san bambancin ƙafa hamsin a daƙiƙa ba, bututu da kwanso ne ke biyan kuɗinsa.

Duk abin da aka canza, a sauko a sake hawa. Kwanson soja na 7.62 ya fi na kanti kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, zubi ɗaya zai ba da matsi mafi yawa, don haka ake rage giren ɗaya zuwa biyu. Kai mai nauyi ɗaya daga wani kamfani na iya samun doguwar fuskar da ke gogar bututu. Kawunan jan ƙarfe zalla irin na Barnes, waɗanda suka yawaita a Kalifoniya tun da jihar ta hana farauta da darma a 2019, awonsu dabam ne, kuma ana farawa da su nesa da zanen cikin bututu da 0.050 na inci. Kan da aka dasa har ya taɓa zanen na ɗaga matsi farat ɗaya. Makunnin magnum ba madadin na yau da kullum ba ne. Sabon gwangwanin gari mai wata lambar zubi na masana'anta ma sai an ɗan sauko. Zafi kuma na da nasa: haɗin da ya yi lafiya a sanyin Montana na iya cije sakata a bazarar Arizona, balle in an bar shi a gaban mota cikin rana. Albarushin Varget da na H4350, waɗanda ake yi wa Hodgdon a Ostareliya, sun yi suna wajen jure canjin yanayi, amma juriya ba ta nufin babu canji.

Sunayen gari tarko ne. H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350 abubuwa uku ne dabam, haka H4895 da IMR 4895. Gwangwani ɗaya tak a kan teburi, takarda a manne a jikin mazubi da sunan abin da ke ciki, a kuma juye ragowar cikin gwangwaninsa da zarar an tashi. Garin ƙaramar bindiga mai saurin ci da aka cika kwanson raifil da shi bisa kuskure ba ya nuna wata alama tukuna, tarwatsa bindigar yake yi a harbin farko. Garin da ba a san sunansa ba ba a gane shi da ido, zubarwa ake yi. Haka wanda ya fara wari mai yaji ko ya yi jar ƙura. A nan akwai abin da ya shafi gida kai tsaye: wannan gari marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara haɗawa a Faransa a 1884, ba ɗan uwan baƙin albarushin da mafarauta da 'yan bindigar hawan salla ke ɗura wa bindigar toka ba ne. Matsinsa ya ninka na wancan, kuma bindigar ɗuri ta maƙera ba ta da jikin ɗaukarsa. Farke harsashin zamani a juye garinsa cikinta hanya ce ta rasa hannu.

Babban abin mamaki shi ne a ce akwati mai wannan suna ba shi da kalifa, ma'aunin nan na makanikai mai leɓe biyu. Kwanso na ƙara tsawo duk lokacin da aka matse shi. Na .308 iyakarsa inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005. Na .30-06 iyakarsa 2.494, na .223 kuma 1.760. In ya zarce, bakinsa zai kutsa ƙarshen mazauni ya shaƙe kai, matsi ya tashi ko da zubin na mafari ne. An ba ka abin kankare baki bayan datsewa, ba a ba ka abin datsewar ba, ba a kuma ba ka abin da za ka san lokacin datsewa ya yi. Tsawon harsashi gaba ɗaya ma, wanda littafi ke rubutawa kusa da kowane awo, misali 2.800 ga yawancin haɗin .308, ba a sanin sa sai da kalifa. Rashin dayis da mariƙi mun fahimta, kowa da girman bindigarsa. Rashin kalifa ba mu fahimta ba.

Saboda haka mai saye ya ware wasu dala 200 zuwa 300 a gefe don dayis, mariƙi biyu, kalifa, madatsi, maɗigi, duwatsun gwaji, abin zare kai, abin auna kafaɗa da tabarau, ban da gari da makunni da kawuna. Ajiyar su ma da ƙa'ida: tsarin kiyaye gobara na Amurka mai suna NFPA 495 ya yarda da laba 20 na gari a gida cikin gwangwaninsa na asali, har laba 50 in an sa a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya, da makunni 10,000. Ba a kulle gari a akwatin ƙarfe mai rufewa ruf, domin in gobara ta tashi a buɗe ci kawai yake yi, a matse kuwa fashewa. Makunni a bar shi a kwalinsa, ba a juye shi a kwalba, kuma a raba masa wuri da gari.

Akwatin Lee Challenger bai kai rabin kuɗin wannan ba, jikinsa alminiyom ne, kuma harsashin da yake fitarwa na kashe barewa kamar kowanne. Wanda bai tabbatar zai daɗe a harkar ba ya fara da shi, ya zuba rarar a kayan awo. Wanda ya tabbatar, ko zai matse manyan kwanso na magnum, Rock Chucker ya fi masa, ga garantin kamfani na tsawon rayuwa a kan injin. Wanda kuma yake da ɗan uwa ko maƙwabci a harkar da zai nuna masa me zai zaɓa, gara ya sayi injin shi kaɗai, sabo ko na hannu, ya haɗa sauran da kansa, ya fara da kalifa da duwatsun gwaji.